Gwaggo Mai Auna Jini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke gidan Baba a Kaura Namoda. Bayan azahar aka kai ta. Kafin la'asar tsakar gidanmu ya cika da mata har bakin zaure, wasu a tabarma, wasu a kan turmin da aka kife. Ni ake nema a yi wa gaisuwa, don ni ce ɗiyar da ta riƙa tun ina ƙarama.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne, cikin matan nan da suke kuka bilhaƙƙi, babu wadda ta san aikin da Gwaggo ta yi a duniya. Wata tsohuwa daga mutanen ƙauyenmu na wajen Kurya Madaro, waɗanda 'yan bindiga suka koro suke fake a wani kango bayan kasuwa, ta kama hannuna ta ce, "Allah shi jiƙan likita. Mun yi rashin likita, ɗiyata."

Maƙwabciyarmu ta ce, "Ba likita ba ce. Ita da bakinta takan ce ba likita ba ce. Malamar jami'a ce."

Tsohuwa ta ce, "To mi take yi da jinin mutane, in ba likita ba ce?"

Aka shafa fatiha, wasu suka tashi, wasu suka shigo.

Wayata kuwa ba ta huta ba. Ɗalibanta na da, waɗanda suka watsu ƙasashen duniya, suka yi ta kira, wasu ta bidiyo. Ina riƙe da waya ina kallon ƙaton mutum da furfura a gemu, sanye da farar rigar aiki, bayansa na'urori suna ta ƙyalli, yana share hawaye yana cewa uwarsa ce ta rasu. Kafin in gama amsa gaisuwar sabis ya ɗauke. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya zo da ƙafarsa, ɗalibinta na ƙarshe, wanda har yanzu yake jami'ar. Wana ya gaya mini cewa a zauren maza wani dattijo abokin Baba ya tambaye shi cikin ladabi, "Malam, shekarun nan duka da ta yi tana bincike, mi ta gano?"

Wai ɗalibin ya ce, "Baba, ta gano abubuwa da yawa. Amma ba ta gano magani ba."

Dattijo ya kaɗa kai ya ce, "Allah shi ba ta ladar niyya."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni malamar sakandare ce, ba masaniya ba, kuma ba zan iya faɗin darajar aikinta a wurin masana ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa, kafin ni ma in fara mantawa.

Kakanmu ma'aikacin reluwe ne, zamanin da jirgin ƙasa yake zuwa Kaura Namoda ya kwashi gyaɗa da auduga. Gonarsa tana ƙauye, aikinsa yana tasha. A tashar ya ga yadda masu alƙalami suke zaune a inuwa, sai ya sa ɗiyarsa ta fari a makarantar boko, duk da surutun dangi. Gwaggo ke nan. Tana da ƙanne biyu, namiji da mace, da suka rasu tun suna yara da wani ciwo iri ɗaya. Hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, in sanyi ya shigo ko ruwa ya dake su, su kwanta suna ihu kamar ana sassaƙa musu ƙashi. A lokacin wasu su ce sanyin ƙashi ne, wasu su ce iska. Sau ɗaya tak ta taɓa ba ni labarin macen. Ta ce, "Ina goye da ita ta cika. Ban sani ba, ina ta jijjiga ta ina yi mata waƙa, har Inna ta zo ta kwance ta."

Wannan ciwon shi ne amosanin jini, wanda yanzu kowa ke kira sikila. Shi ta bi har ƙarshen rayuwarta, amma ba ta hanyar likitanci ba. Fanninta sunansa bayofiziks. In an tambaye ta mene ne shi, takan ce, "Fiziks ne na abu mai rai. Likita yana tambayar mi ke ciwo. Ni ina tambayar nawa ne taurinsa, nawa ne gudunsa, yaushe ya fara lanƙwasa."

Ta yi aure, mijinta ya rasu da wuri, Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai Baba ya ba ta ni. Na tashi a gidajen malamai na wata babbar jami'a, nesa da gida, kuma in an tashi makaranta ɗakin bincikenta nake wucewa in jira ta. Wani dogon barandan bene ne, ƙofofi a jere, kowace ƙofa da rukunin bincikenta. Akwai masu nazarin dafin maciji, yadda yake fasa ƙwayoyin jiki. Akwai masu auna yadda ganye yake kama hasken rana. Akwai wani farfesa mai yawan dariya da yaransa, masu sauraron wutar da ke gudu a jijiyar kwaɗo. Ƙofar ƙarshe ita ce ta Gwaggo, masu jini. A lokacin barandan nan ya fi kasuwa motsi. Ana aron kayan aiki daga wannan ƙofa zuwa waccan, ana gardama a tsaye, kowa yana ganin aikinsa ne zai fara kai wa ga wani abu.

Ranar da ta fara nuna mini jini a madubin ƙara girma ba zan manta ba. Ta ɗora ni a kan kujera mai tsawo, ta ce in rufe ido ɗaya. Na ga wasu abubuwa jajaye, zagayayyu kamar ƙananan waina, suna shawagi. Ta canza gilashi ta ce in sake dubawa. Waɗannan kuwa wasunsu sun miƙe, sun lanƙwashe, bakinsu ya yi tsini.

"Mi kinka gani?"

Na ce, "Kamar lauje."

Ta ce, "Awo. Ƙwayar jinin mai sikila, in ta sauke iskar da ta ɗauko, abin da ke cikinta sai ya daskare, ta sandare. Amma ba nan take ba. Akwai ɗan lokaci tsakani, bai kai ƙiftawar ido ba wani sa'in. In ta fice daga siririyar jijiya kafin ta sandare, ta tsira. In ba ta fice ba, ta toshe hanya, na baya su taru, nan ciwon yake. Wanga ɗan lokacin muke aunawa. In mun san mi ke tsawaita shi, mun rage wa yara kuka."

Iyakar abin da na fahimta ke nan a aikinta, kuma ina jin shi ne ƙashin bayansa.

Tana da halaye da duk wanda ya zauna da ita ya sani. Ba ta rabuwa da gorar ruwa, kuma duk yaron da ta gani sai ta ce ya sha, ko lafiyarsa lau. Ba ta yarda wani ya wanke mata ƙananan gilasan da ake ɗiga jini a kai ba, ita take wankewa da hannunta, tana farfesa, wai datti ɗaya yana iya sa mutum ya yi shekara yana bin ƙarya. Duk ranar Alhamis rukuninta yake zama, kowa ya faɗi abin da ya auna a makon, ita kuma ta kawo dambu daga gida a babbar kula. Ba a buɗe kular sai an gama. In ɗalibi ya tashi ya ce, "Ina ganin cewa," sai ta katse shi: "Ka gani, ko kana gani?" In ya ce ya gani, ta ce, "Sau nawa?" Na sha ganin manyan maza suna zufa a gaban allo, ƙamshin dambu yana dukan hancinsu. Amma in ɗayansu ya yi rashin lafiya, ita ce a bakin gadonsa, in matarsa ta haihu ita ce uwar biki. Farfesa suke ce mata a gaban baƙi, Mama in su kaɗai ne.

Ba mai sauƙi ba ce, kada a ce na yi mata kwalliya don ta mutu. Ba ta iya lallashi ba. Gaskiya takan fito daga bakinta ba gishiri, kuma wannan ne ya haɗa ta da Baba.

Wana ya so ɗiyar Baffa, ɗan'uwan Baba, ita ma ta so shi, tun suna yara kowa ya san da zancen. Da aka fara maganar aure, Gwaggo ta zo hutu gida ta ɗebi jininsu su biyu. Ta dawo da sakamako ta tara Baba da Baffa a ɗakin Baba. Ina bakin ƙofa ina tankaɗe. Ta ce dukansu biyu AS ne, kowannensu lafiyarsa lau amma yana ɗauke da irin ciwon, kuma in suka yi aure kowane ciki yana iya zuwa da sikila. Ta ce a fasa.

Baba ya ce, "Hajiya, yaran ga suna son juna. Zumunci muke son ƙullawa."

Ta ce, "Ka mance da ƙannenmu biyu? Kai ƙarami ne lokacin, ni na goya su."

"Ciwo da lahiya na Allah ne."

"Awo, na Allah ne. Rijiya ma ta Allah ce, amma ba ka tura ɗanka ciki."

Baba ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a gabanta ba. Ya ce, "Boko ya sa kina ganin kin san gaibu. Ke da ba ki haihu ba, mi kinka sani ga raba ɗa da abin da yake so?"

Gwaggo ta ninke takardar ta ajiye a kan tabarma, ta sa takalmanta, ta ce mini in haɗa kayanmu. Ba ta zo bikin ba. An yi shekara da wani abu ba ta taka Kaura Namoda ba, kuma ba ta hana ni zuwa ba.

Da matar wana ta haifi ɗiyarta ta fari, Baba ya sa aka raɗa mata sunan Gwaggo. Bai kira ta ya ba ta haƙuri ba, wannan ne ban haƙurinsa, ita ma ta gane. Ta zo suna da turamen zane da gidan sauro. Ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Tun daga ranar kowa yake kiran yarinyar Takwara. Kafin ta fara tafiya yatsunta suka kumbura. Gwaggo ta gwada, ta tabbatar. Ban taɓa jin ta ce wa kowa ai na faɗa ba, ko da wasa. Ta dai koya wa matar wana yadda za ta riƙa ba ta ruwa, ta rufe ta daga sanyi, ta kare ta daga sauro, da ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum. Duk hutu kuma Takwara tana wurinmu.

Jinin da rukunin Gwaggo yake aiki da shi ba daga sama yake faɗowa ba. Da yardar iyaye take ɗiba, kuma da yawa daga yankinmu ne, Shinkafi, Zurmi, ƙauyukan Sakajiki, lokacin da mutum yake iya shiga mota ya bi hanyar daji ba tare da ya bar wasiyya ba. Akwai wata rugar Fulani a wajen Dauran da ciwon ya yi wa katutu, gida ɗaya yara da yawa. Ardon rugar ya yarda da ita har yakan aje mata nono a ƙwarya in ya ji za ta zo. Ta sha gaya masa cewa ba magani ta kawo ba, bincike ne, mai yiwuwa jikokinsa ne za su amfana. Shi kuma ya ce ai shanu ma ba don gobe kaɗai ake kiwonsu ba.

Wata shekara aka shiga dogon yajin aiki. Aka rufe jami'a, aka yanke wutar ɓangarensu, man janareto ya ƙare. Gwaggo ta yi ta sayen mai da albashin da ba a biya ba, har ta sayar da awarwaronta, sannan janareton kansa ya ƙone. Babban firjin da suke ajiyar abin da suka tara shekara da shekaru ya narke. Ina tare da ita ranar da ta buɗe shi. Warin ya kore ni waje. Ita kuwa ta sa safar hannu ta fitar da 'yan kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana karanta lambar kowace kafin ta sa a bokiti.

Abin da ta yi bayan nan ne na fi son a sani game da ita. Ta ce jinin amana ne, sai ta je ta gaya wa masu shi. Ɗalibanta suka ce ba dole ba ne, babu wanda zai tambaya. Ta ce shi ya sa za ta je. Na raka ta har rugar nan ta wajen Dauran. Ta durƙusa a gaban Ardo, tana farfesa, ta ce, "Baffa, jinin da kunka ba ni ya lalace a hannuna. Wuta ta ɗauke. Na zo ku yahe mani."

Ardo ya murza sandarsa. Sannan ya ce, "Jinin ne ya ƙare?"

Ta ce, "Ya ƙare."

Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mata damtse. Ya ce, "To ai muna da wani."

A mota, muna komawa, ta juya fuskarta wajen taga har muka shiga Zurmi. Ta yi niyyar komawa da kayan ɗiba bayan damina. Ba ta koma ba. Hanyar ta lalace, aka fara tare motoci, aka fara kwasar mutane. Daga baya muka ji rugar ta watse. Wasu suka ce ɓarayin daji ne suka kwashe shanun, wasu suka ce 'yan sa kai ne suka ƙone bukkokin don suna zargin duk mai sanda. Ta yi ta tambayar direbobi da masu sayar da nono a kasuwa, babu wanda ya san inda Ardo da yaransa suka nufa.

Daga nan barandan benen ya fara mutuwa, ƙofa bayan ƙofa. Farfesa mai kwaɗi ya rasu, yaransa suka watse. Masu dafin maciji suka koma koyarwa zalla, don na'urarsu ta lalace an rasa mai gyara. Masu ganye shugabansu ya samu aiki a waje ya tafi da rabin mutanensa. Na Gwaggo ma suka fara zamewa. Wanda ta fi ji da shi, wani mai hannu kamar na maɗinki, wanda ya iya haɗa siraran hanyoyin gilashi da jini ke bi a ƙarƙashin madubi, ya zo gida ya same ta da yamma ya kasa zama.

Ya ce, "Mama, sun ba ni gurbi. Abin da muke yi a shekara, can a mako ake yi. Nan wuta ma ba mu da."

Ta ce, "Can akwai masu sikila kamar nan?"

"Babu kamar nan."

"To ka tahi inda na'ura take, ka bar inda ciwon yake."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka shi ke nan sun ɓata. Amma ita ta rubuta masa takardar shaida, ita ta kai shi tasha a motarta, ta ba shi kilishi da yaji. Haka ta yi wa duk waɗanda suka biyo bayansa, faɗa da farko, kilishi a ƙarshe. Ta taɓa ce mini, "Ni gandun reno ce. In dashe ya yi ƙwari, sai a zo a cire a kai gonar wani." Ranar Alhamis ta ci gaba da kai dambu, kular tana raguwa, har ta koma ɗan kwano. Bayan ta yi ritaya, ɗalibinta na ƙarshe ya riƙe ɗakin shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan aka karɓe aka mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Kowa ya ce kada ta dawo gida. Masu hali suna barin Kaura Namoda, ita tana shigowa da akwatunan littattafai. Ta ce ƙanenta ya tsufa, Takwara kuma tana nan. Ta zauna a ɗakin da ke kusa da zaure. Ban san yadda labari ya bazu ba, amma matan da aka koro daga ƙauyuka suka fara zuwa da yara masu kumburin hannu. Hajiya mai jini suke ce mata. Takan fara da cewa ita ba likita ba ce. Sannan ta duba idon yaro, ta taɓa cikinsa, ta ba shi ruwa, ta yi wa uwar bayani dalla-dalla da Hausar da za ta gane. In abin ya yi tsanani ta yafa mayafi ta raka su asibiti, ta tsaya a kan ma'aikata har sai an duba shi. Wata rana na ce mata tana wahalar da kanta. Ta ce, "Shekara talatin ina auna ƙwaya ɗaya ɗaya. Yanzu ga su sun zo mani da ƙafafunsu, abin da nake da shi kofin ruwa ne."

Takwara ta kai 'yan mata. Siririya ce, mai tsiwa, ta fi kowa iya kwaikwayon Gwaggo. Takan tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu ta ce wa ƙannenta, "Ka gani, ko kana gani?" Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba. Tana cewa in ta gama sakandare fiziks za ta karanta.

Cikin daminar bara ruwa ya dake ta a hanyar makaranta. Washegari ciwon ya tashi, wannan karon a ƙirji. Muka kai ta asibitin gari. Suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce tana buƙatar jini da iskar oksijin fiye da abin da suke da shi, a wuce da ita Gusau. A safiyar nan kuwa an tare hanyar, an kwashi mutane. Direbobi suka ce ba mai fita sai jami'an tsaro sun zo sun yi rakiya. Wana ya roƙi wani mai mota har ya durƙusa masa, mutumin ya ce shi ma yana da 'ya'ya, kuma ba zan zarge shi ba. A ƙarshe ya yarda mu shiga motar mu jira a bakin gari cikin jerin motoci, don da an buɗe mu zama na gaba.

Muka zauna a nan, rana tana dukan rufin mota. Gwaggo tana baya, kan Takwara a cinyarta, tana ɗiga mata ruwa da murfin gora, yatsunta biyu a wuyan hannun yarinyar. Ba ta yi magana da kowa ba sai da ita. Takwara ta ce, "Gwaggo, sun toshe ko?"

Ta ce, "Wasu sun toshe. Wasu suna wucewa. Ja numfashi a hankali."

Ba a buɗe hanya ba sai bayan la'asar. Mun yi tafiya kaɗan, ba mu kai rabi ba, Gwaggo ta ce wa direba, "Malam, samu wuri ka juya." Ta zare mayafinta ta lulluɓe Takwara har fuska.

Bayan an yi sadakar uku na shiga ɗakinta na same ta zaune a bakin gado. Ta ce, "Ɗiyata, duk abin da ke faruwa cikin ƙirjin yarinyar nan ina ganinsa kamar a madubi. Na san wace jijiya, na san mi zai biyo baya. Da ban sani ba, da na yi ta addu'a da sa rai kamar uwarta. Sanin bai ƙare ni da komai ba sai da ya hana ni wannan."

Muna cikin haka Baba ya yi sallama ya shigo. Ya tsufa ƙwarai a 'yan kwanakin. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kamar yaro. Ya ce, "Hajiya, kin faɗa. Tun ba a yi ba kin faɗa."

Ta ce, "Kada ka sake faɗin haka. Da ka ji maganata, da ban san yarinyar nan ba." Sannan ta ce, "Ni kuma da na faɗa, mi na yi bayan faɗin? Kai ka ba ni takwara. Ni ban ba ta komai ba."

Suka zauna su biyu suna kuka, tsoho da tsohuwa. Na ja musu ƙofa.

Daga nan ba ta ƙara buɗe akwatunan littattafanta ba. In ɗalibanta sun kira suna ba ta labarin sabbin hanyoyin magani da ake gwadawa a can, takan saurara har su gama, ta ce madalla, sannan ta tambaya, "Yaushe zai iso Kurya?" Hawan jini ya kama ta, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Duk da haka in an kawo yaro takan sa a shigo da shi, ta duba idonsa, ta nuna mini gorar ruwa da hannunta mai lafiya. Haka har ranar Talatar nan.

An watse zaman makoki, an naɗe tabarmi, baƙi sun koma. Ina sharar ɗakinta da hantsi sai na ji sallama. Wata matashiyar mata ce, zanenta ya koɗe, ƙafarta duk taɓo, da yaro a goye. Ta ce daga wajen Shinkafi suka gudo, wata mata a tasha ta kwatanta mata gidan Hajiya mai jini. Ta kwance yaron ta nuna mini hannuwansa. Sun kumbura sun yi sumul, yana ta ƙananan kuka irin na wanda ya gaji da kuka.

Na gaya mata.

Ta ce, "Innalillahi. Allah shi jiƙanta, Allah shi sa ta huta." Ta kalli ɗakin da babu kowa. Sannan ta ce, "To yanzu wa za ni nuna ma shi?"

Na ba yaron ruwa. Na faɗa mata abin da na iya tunawa, ta rufe shi daga sanyi, ta kai shi asibiti yau ba gobe ba. Ta ce ta je, sun ce Gusau. Ta gode mini kamar na yi mata wani abu, ta mai da shi baya, ta ɗaure zanen da kyau, ta fita. Na tsaya a zaure ina kallonta har ta sha kwana, ban ma tambayi sunan yaron ba.

Allah Ka jiƙan Gwaggo, Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka karɓi abin da ta yi niyya ko da bai kai ba. Ka haɗa ta da ƙannenta da takwararta a inda ƙashi ba ya ciwo. Waɗanda kuma suke goye a bayan iyayensu a kan hanyoyin nan, ba su da kowa sai Kai.